MANHAJOJIN TASWIRA NA KYAUTA: YADDA MALAMIN GONA ZAI GWADA SU KAFIN YA DOGARA DA SU

Gabatarwa

Malamin gona, idan ka tambayi manomi girman gonarsa, amsar da za ka samu ba ta wuce ya ce maka eka biyu ce, ko tana cin tiya kaza ta iri, ko kuma garmar shanu kan gama ta a kwana biyu. A kan wannan amsa ake lissafin iri da taki da maganin ciyawa, a kanta ake yanka bashi, kuma a kanta kake rubuta rahoton amfanin da aka samu. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, inda aka gwama abin da manomi ya faɗa da abin da na'urar GPS ta auna, ya nuna cewa masu ƙananan gonaki sun fi ƙara wa gonarsu girma, masu manya kuma sukan rage. Manomin bai yi ƙarya ba. Ido ne ba mudu ba, sai dai ya san kima.

A ɗauka wani manomi a wajen Liman Katagum ya ce gonar masararsa hekta 2 ce, alhali kuwa hekta 1.3 ce. Shawarar da aka saba bayarwa a kan masara a wannan yanki ita ce buhu 8 na NPK 15-15-15 a kowace hekta, sannan a bi da kimanin buhu 3 na yuriya. Idan ya bi lissafin hekta 2, zai sayi buhu 16 na NPK maimakon 10 da 'yan kai, wato ya zuba kuɗin buhu biyar da rabi a inda ba a bukata. Idan kuma ya girbe buhu 40 masu kilo 100, za ka rubuta cewa ya samu tan 2 a hekta, alhali ya haura tan 3. Da haka sai a raina irin da ya yi kyau, a kuma raina manomin da ya yi ƙoƙari.

Kayan da za su gyara wannan kuskure sun samu, kuma da yawansu ba a biyan ko kwabo. Sai dai sun yi yawa, kowa da wadda yake yabo. Manufar wannan ƙasida ita ce ta nuna maka manhajojin da suka dace da aikin malamin gona a Bauchi da kewaye, abin da kowace ke iyawa, inda take gazawa, da yadda za ka gwada ta da kanka a filin da ka riga ka san girmansa kafin ka kai ta gonar mutane.

Abin da ya canza

A shekarun baya aikin taswira a kwamfuta na manyan ofisoshi ne kawai, saboda lasisin manhaja da hotunan tauraron ɗan'adam duk da dala ake sayen su. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula, kuskurensa ya sauko daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci. A 2003 Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1. A 2008 aka buɗe rumbun hotunan Landsat ga kowa kyauta. A 2015 Tarayyar Turai ta harba Sentinel-2 na farko, shi ma hotunansa kyauta ne. Sannan wayar hannu mai GPS ta shigo aljihun kusan kowane ma'aikaci. Lokacin da shirin bunƙasa aikin gona ya fara a Gombe a 1975, kafin ya game jihar Bauchi baki ɗaya a farkon shekarun 1980, igiya da kamfas ne kayan awo. Yau abin da ya rage shi ne sanin wanda za a zaɓa da yadda za a yi aiki da shi.

Bambancin manhajar kyauta da buɗaɗɗiyar manhaja

Ba kowace manhajar kyauta ce buɗaɗɗiya ba. Google Earth kyauta ce, kuma tana da amfani wajen duban gona daga sama, amma kamfani ne ke da ita, shi ke da ikon canza sharuɗɗanta. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bayyana yadda aka rubuta ta, lasisinta kuma ya halatta wa kowa ya yi amfani da ita, ya gyara ta, ya kuma raba ta. Ma'anar wannan a gare ka ita ce kana iya sauko da ita sau ɗaya a Bauchi, ka zuba ta a filash, ka sa ta a kwamfutocin Miya da Nabordo da Azare ba tare da ka karya doka ba, kuma babu ranar da za ta rufe a ce lasisi ya ƙare.

Manhajojin saye irin su ArcGIS na kamfanin Esri suna da inganci, kuma manyan hukumomi na aiki da su. Matsalar ofishin gona ita ce sabunta lasisi da kuɗin waje bayan shirin da ya sayo ta ya naɗe tabarmarsa. Kwafin sata da ake sayarwa a kasuwa kuwa ba mafita ba ne: haramun ne a doka, kuma yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke lalata aikin shekara.

Yadda taswirar kwamfuta take

Ka ɗauki taswirar kwamfuta a matsayin fallayen takarda masu shara-shara da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Wani falle na ɗauke da ɗigo-ɗigo, kamar rijiyoyin burtsatse da rumbunan taki. Wani na ɗauke da layuka, kamar hanyoyi da rafuka da burtali. Wani kuma na ɗauke da kewaye, kamar iyakar gona ko ta gunduma. A ƙarƙashinsu akwai hoton tauraron ɗan'adam, wanda aka gina da ƙananan murabba'ai masu girma ɗaya. Kowane ɗigo ko kewaye yana haɗe da jadawalinsa: sunan mai gona, abin da aka shuka, ranar shuka. Amfanin manhajar shi ne ta amsa tambayar da ta haɗa falle biyu ko uku, misali gonakin shinkafa nawa ne ke cikin mita 200 daga bakin kogi, ko manoma nawa ne suka fi kilomita 10 nesa da dillalin taki mafi kusa.

Manhajojin tattara bayani a gona

ODK Collect ta samo asali daga Jami'ar Washington ta Amurka a 2008. KoboCollect kuma a kanta aka gina ta, saboda haka wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayar. Dukkansu fom ne a cikin wayar Android. Ana iya rubuta tambayoyin da Hausa, a ɗauki hoto, a ɗauki ɗigon wuri, ko a zagaya gona da ƙafa wayar ta zana iyakar ta kuma lissafa girmanta. Suna aiki inda babu sabis, su ajiye fom ɗin har a dawo gari. Koyonsu bai wuce yini ɗaya ko biyu ba. Rauninsu shi ne an gina su don cike fom, ba don gyaran taswira ba, kuma bayanin yakan bi ta wani rumbu na intanet. Rumbun Kobo na kyauta yana da iyakar fom ɗin da za a tura, na ODK kuwa sai dai ofis ya kafa nasa ko ya biya haya.

QField, wadda wani kamfani a ƙasar Suwizalan ke jagorantar ginin ta, taswirar QGIS ce a cikin waya. Kana ganin gonakin da aka auna bara, ka tsaya a kansu, ka gyara iyakar da ta canza. Ana iya mayar da aikin cikin kwamfuta ta igiyar caji ba tare da intanet ba. Sai dai dole a samu wanda ya iya QGIS ya shirya aikin tukuna.

Saboda haka idan aikin rajistar manoma ne ko ƙidayar ɓarnar ambaliya da ma'aikata da yawa za su fita lokaci ɗaya, ODK ko Kobo sun fi dacewa. Idan kuma gonakin gwaji ne ko filayen noman rani da za a riƙa komawa kansu kowace shekara, QField ta fi.

Manhajojin ofis

QGIS ita ce uwa. Gary Sherman ya fara ta a 2002, fitowarta ta 1.0 ta zo a 2009, kuma yau ɗaruruwan masu sa kai da kamfanoni a ƙasashe daban-daban ne ke kula da ita. Tana buɗe kusan kowane irin fayil na taswira, tana karɓar jadawalin Excel mai lambobin wuri, tana lissafin girman fili da nisa, tana kuma fitar da taswirar da za a buga a takarda. Ga ofishin gona, a sa fitowar da aka yi wa alama da LTR, domin ita ake daɗe ana gyara wa kurakurai ba tare da an sauya mata fasali ba. A kuma tabbatar duk ofisoshin shiyya suna kan fitowa ɗaya. Da Turanci za ka yi aiki da ita, kuma wanda bai taɓa ba zai bukaci horo na mako ɗaya da kuma aikin yi nan take, in ba haka ba ya manta.

GRASS ta girme su duka. Sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ya fara ta a 1982, aka sake ta a matsayin buɗaɗɗiya a 1999. SAGA kuma daga Jami'ar Göttingen ta Jamus ta fito. Ƙarfinsu yana wajen nazarin tudu da gangare: inda ruwan sama ke bi, faɗin ƙasar da ke zuba ruwa cikin wani kwazazzabo, da wurin da ya dace da ƙaramar madatsa. Suna da wuyar koyo. Ba sai ka koye su daban ba, domin ana iya kiran yawancin kayan aikinsu daga cikin QGIS. A bar zurfinsu ga sashen tsare-tsare da injiniyoyi a hedikwata.

Bayanan da ake samu kyauta

Manhaja ba tare da bayani ba kamar garma ce ba shanu. Ga waɗanda suka fi amfani, da iyakar kowanne.

Sentinel-2. Kowane murabba'in hotonsa mita 10 ne a kan mita 10, kuma yana dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kimanin kwana 5. Hekta ɗaya murabba'i 100 ke nan, rubu'in hekta kuma 25. Shi ya fi dacewa da ƙananan gonakinmu.

Landsat. Murabba'insa mita 30 ne, saboda haka hekta ɗaya ba ta wuce murabba'i 11 ba, rubu'in hekta kuwa bai kai 3 ba. Bai dace da gona ɗaya ba, amma tarihinsa ya koma shekaru sama da 40. Da shi za ka ɗora hoton 2000 a kan na bana ka ga yadda gine-ginen birnin Bauchi suka cinye gonaki ta hanyar Jos da ta Ningi da ta Gombe da ta Dass, ko yadda ruwan madatsar Gubi ke ja da baya a ƙarshen rani.

SRTM. Awon tudu da gangaren ƙasa ne da aka ɗauka daga sama a Fabrairun 2000, aka saki na mita 30 na Afirka a 2014. Yana da amfani a ƙasar duwatsu irin ta Dass da Toro. Amma kuskurensa a tsayi yakan kai mitoci da dama, alhali a fadamar Jama'are rabin mita ne ke raba gonar da za ta nutse da wadda za ta tsira. Kada a tsara magudanar ban-ruwa da shi.

CHIRPS. Ƙiyasin ruwan sama ne tun daga 1981, a murabba'in kimanin kilomita 5. Yana nuna bambancin kudancin jihar, inda ruwa kan kai milimita 1,300 a shekara, da arewacinta, wajen Zaki da Gamawa, inda yakan tsaya kusan 700. Ƙiyasi ne, ba ya maye gurbin ma'aunin ruwan da ke harabar ofishinka.

iSDAsoil da SoilGrids. Taswirorin ƙasar noma ne, na farko a mita 30, na biyu a mita 250. Hasashe ne da aka gina a kan samfuran da aka ɗiba a wurare masu nisa da juna. Suna taimakawa wajen zaɓar inda za a ɗibi ƙasa, amma ba su isa a rubuta wa manomi adadin taki ba.

OpenStreetMap da GRID3. Na farko taswirar hanyoyi ce da jama'a ke zanawa tun 2004. Cikin birnin Bauchi ya fi cika, ƙauyuka kuwa akwai giɓi. Na biyu na ɗauke da matsugunai da iyakokin gundumomin Nijeriya. A binciki kowanne da wanda ya san wurin.

Gwaji biyar kafin a amince

Kada kyawun launin taswira ko yabon wanda ya kawo ta ya sa ka amince. Gani ya kori ji. Ka ware mako ɗaya ka yi waɗannan gwaje-gwaje.

1. Gwajin filin da aka sani. Ka samu fili shimfiɗaɗɗe marar itatuwa, ka auna mita 100 a kan mita 50 da tef, ka kafa turaku a kusurwoyi huɗu. Rabin hekta ke nan, wato murabba'in mita 5,000. Ka zagaya shi da wayoyi uku daban-daban, kowace sau uku, ka rubuta amsoshin tara. Wayar da amsarta ke kaucewa da fiye da kashi 5 cikin ɗari, a cire ta daga aikin awo. Sannan ka maimaita a fili mai mita 30 a kan 30, da kuma wani a ƙarƙashin mangwaro ko gindin dutse. Za ka ga kuskuren ya ƙaru, domin GPS na waya yakan kauce da mita 3 zuwa 5 ko a sarari. Daga nan za ka san ƙanƙantar da in gona ta kai, gara a koma ga tef.

2. Gwajin rashin sabis. Ka kashe data da layin waya gaba ɗaya, ka bar GPS kawai, ka cike fom goma, ka kashe wayar ka kunna. Idan ko ɗaya ya ɓace, manhajar ba ta dace da ƙauye ba. Ka kuma lura da awa nawa batir ya yi a rana.

3. Gwajin tsohuwar kwamfuta. Ka sa QGIS a kwamfutar da ta fi tsufa a ofis, ba ta shugaban sashe ba, ka buɗe hoton Sentinel-2 da gonaki ɗari biyar a kansa. Cikakken hoto guda yakan kusa gigabait ɗaya, saboda haka a yanko yankin da ake bukata kawai, a hedikwata, a raba a filash.

4. Gwajin fita da shiga. Ka fitar da aikinka daga manhajar, ka buɗe shi a wata, ka duba ko komai ya iso. Ka sa sunaye masu ɗ da ƙ da ɓ, irin su Ɗanjuma da ƙuduji, ka ga ko sun fito daidai. Idan sun rikiɗe, a zaɓi tsarin rubutu na UTF-8. Tsohon tsarin fayil na Shapefile yana yanke sunan ginshiƙin jadawali a harafi 10, kuma fayiloli uku ne ko fiye da dole su tafi tare. GeoPackage fayil ɗaya ne, ya fi sauƙin adanawa. Manhajar da ba ta barin ka fita da bayaninka, ka guje ta ko da kyauta ce.

5. Gwajin mutum na biyu. Ka rubuta matakan aikin a takarda ɗaya, ka ba abokin aikinka, namiji ko mace, wanda bai halarci horon ba. Idan ya kai ga amsar da ka samu, aikin ya zama na ofis. Idan sai kana nan, to ranar da aka yi maka canjin wurin aiki komai ya tsaya.

Kurakuran da suka fi yawa

Na farko shi ne juya lambobin wuri. Birnin Bauchi yana kan digiri 10.31 arewa da 9.84 gabas. Da yake lambobin biyu sun yi kusa da juna, idan aka musanya su ɗigon ba ya faɗawa teku balle a gane nan take. Yakan sauka kimanin kilomita 70 kudu maso gabas, wajen dajin Yankari, cikin jihar dai. A QGIS, X shi ne gabas, Y shi ne arewa. Duk lokacin da ka shigar da jadawali, ka nemi ɗigo ɗaya da ka sani, kamar ofishinka, ka ga ko ya hau inda ya kamata.

Na biyu shi ne haɗa ma'auni biyu. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an gina su a kan ma'aunin Minna, GPS kuwa yana aiki da WGS 84. Idan ba a gaya wa manhaja wanne ne wanne ba, wuri ɗaya zai kauce da kimanin mita 80, wanda ya isa ya jefa rijiyar wani cikin gonar maƙwabcinsa.

Na uku shi ne lissafin girman fili a ma'aunin da bai dace ba. Jihar Bauchi duka tana cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, lambarta a QGIS ita ce 32632. A mayar da fallen gonaki kan wannan kafin a lissafa hekta. Ma'aunin da taswirorin intanet ke amfani da shi yana ƙara wa fili kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wannan yanki.

Na huɗu shi ne dogara da suna. Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Sarki suna ko'ina, haka ma Musa Ibrahim. A ba kowane manomi da kowace gona lamba ta dindindin.

Abin da hoton sama ba zai gaya maka ba

Daga hoton Sentinel-2 ana lissafa ma'aunin korensa shuka da ake kira NDVI. Yana nuna maka ɓangaren da ya yi kore da wanda ya koɗe, amma ba ya faɗin dalili. Ƙarancin taki, ƙuduji, tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, kwanciyar ruwa, duk kamanni ɗaya suke yi daga sama. Gonar da ciyawa ta cinye takan fito kore shar kamar wadda aka nome. Inda aka haɗa gero da dawa da wake, hoton ba ya raba su. Itacen gawo yana yin ganye da rani, saboda haka yana iya fitowa kamar lambu. A watan Agusta kuma, lokacin da aka fi bukatar hoton, gajimare kan rufe sama makonni a jere. An ga haka a ambaliyar 2022 da ta 2024 a ƙananan hukumomin arewacin jihar, inda sanin gonar da ta nutse ya dogara ga wanda ya auna ta tun kafin ruwa ya zo. Aikin hoton shi ne ya nuna maka inda za ka fara zuwa da babur ɗinka.

Amana da haƙƙin manomi

Ɗan'uwa manomi, kana da haƙƙin a gaya maka dalilin auna gonarka da wanda zai ga bayanin, kana kuma da haƙƙin a faɗa maka girman da aka samu. Ka rubuta shi ka ajiye, zai yi maka amfani wajen sayen taki, biyan 'yan ƙwadago da hayar tarakta. Ka bi malamin ƙafa da ƙafa, domin kai ka san iyakarka.

Kai kuma malamin gona, ka fara da mai unguwa ko sarkin noma, da ɗan gari akan ci gari. Ka bayyana cewa awon ba na haraji ba ne, ba kuma na karɓe fili ba. Inda akwai gardamar iyaka ko burtali, kada ka auna sai da maƙwabta a wurin. Ka sani cewa zanen waya ba takardar mallaka ba ne. Wannan aikin safiyo mai lasisi ne da hukumar filaye ta jiha. Haka kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk wanda ya tattara suna da lambar waya da wurin gonar mutum. Kada a tura irin wannan jadawali a zaurukan WhatsApp, kuma a cire sunaye daga taswirar da za a liƙa a bango.

Kuɗin da kyauta ke ci

Lasisi ne kawai ba a biya. Duk ofishin da zai fara wannan aiki ya sa waɗannan a kasafinsa: horar da mutum biyu aƙalla a kowace shiyya, kuɗin data, batirin ajiya ko ƙaramin faifan sola, man babur na komawa gona don tabbatarwa, da ma'adana biyu ta waje, ɗaya a ofis ɗaya a wani gini daban, a riƙa kwafe aiki duk ranar Juma'a. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da ofishin da za ka kai ƙara, saboda haka a ƙulla zumunci da malaman safiyo da taswira na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, a kuma yi amfani da ɗalibansu masu zuwa koyon aiki.

Kammalawa

Ga yawancin aikin malamin gona, ODK ko Kobo ko QField a waya, QGIS a ofis, da hoton Sentinel-2 sun wadatar. Kada a fara da jiha baki ɗaya. A ɗauki ƙauye ɗaya da gonaki hamsin a wannan rani, lokacin da aka kwashe amfani kuma iyakoki suka fito fili, a yi gwaje-gwajen nan biyar, a mayar wa kowane manomi girman gonarsa kafin ya sayi takin damina. Idan an girbe, a gwada lissafin bana da na bara. Abin da aka gani a nan shi zai nuna ko a faɗaɗa.

Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi ofishin shirin bunƙasa aikin gona mafi kusa. Allah ya ba mu damina mai albarka.